Jar Kanwa a Dardumar Mama

Kwananmu tara a Makka mutumin da ya kawo mu ya ɓace da fasfunanmu. Mu bakwai ne, duk mata, daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada, ni kaɗai ce na fito daga rugagen bayan Tiga. Alhaji Mai Jaka muke ce masa, saboda wata baƙar jaka da ko masallaci ba ya shiga sai da ita. Ya ce mu kawo ya ajiye mana, zai je ya samo takardar da za ta ba mu damar zama har aikin Hajji. Muka miƙa masa muna ta godiya. Da aka sha ruwa ba mu gan shi ba, washegari ma haka. Rana ta uku mai gidan da muka sauka ya zo yana nuna mana ƙofa, yana wata magana da ko kalma ɗaya ban gane ba. Allah ya isa tsakanina da Mai Jaka, yau ma na sake faɗa.

Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan yanke Jigawa daga Kano. Mijina ya rasu, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunansu, ni kuma ina da karsana biyu da mahaifiyata Inna ta bar mini. Su na sayar na biya kujera. Yayana Hamma Buba ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ya ce, "Dije, shanun Inna za ki kai kara don ki je ƙasar da ko kare bai san ki ba?" Na ce masa Inna ta mutu tana ambaton Arfa, ni zan je in tsaya mana mu biyu. Dabarar da ake yi a lokacin ke nan: a tafi Umara da azumi, a laɓe, a yi 'yan aikace-aikace har wata biyu su wuce, sai a hau Arfa tare da jama'a. Ba ni na fara ba. Abin da ban sani ba shi ne wata biyu a laɓe sun fi shekara tsawo.

Bayan Sallah muka watse. Ni wata mata ta jefa ni a mota zuwa Jidda, wurin Hajiya Yalwa, 'yar Kiru da ta shekara ashirin a can tana saukar da takari. Ɗaki ɗaya ne, mu goma sha ɗaya, fanka ɗaya tana wulwula zafi. Hajiya Yalwa ta dube ni sama da ƙasa, ta kama damtsena ta matsa.

"Ke kina daka?"

"Tun ina shekara bakwai, Hajiya."

"To akwai gidan da ke neman mai ƙarfi. Amma ki ji da kyau. Ba ki da fasfo, ba ki da igama, takardar izinin zama, saboda haka ba ki da baki. An zage ki, ki ce na gode. Kin ga motar askarawa, ki shige lungu. Idan suka kama ki, sai dai ki ji labarin Arfa a rediyo."

Da zan tafi ta ƙulla mini kuka da daddawa da ɗan dunƙulen jar kanwa a tsumma. Ta ce abincinsu mai ne zalla, in cikina ya ɓaci in jiƙa in sha. Na soke ƙullin a bakin zanena.

Gidan bene ne hawa biyu. Mai gidan ana ce masa Abu Majid, dogo, mai saurin fushi, ba ya kallon mai aiki a ido. Da matarsa da 'ya'yansa a sama. A ƙasa kuma mahaifiyarsa, tsohuwa da ƙafafunta suka mutu, kowa Mama yake ce mata. Saboda ita aka ɗauke ni. In ɗaga ta daga gado in sa a keke, in kai ta banɗaki, in matsa mata ƙafa. Ranar farko da na sunkuce ta sai ta yi dariya, ta buga kafaɗata, ta ce wani abu da daga baya aka fassara mini: wai wannan ba mace ba ce, raƙumi ce. Ban ji haushi ba, a wurinmu yabo ne.

Wadda ta fassara mini ita ce Siti, 'yar Indunisiya, gajeruwa, sa'ata a shekaru, shekararta shida a gidan. Tana da takarda, ta iya karatu, tana jin Larabci. Ni da ita da hannu muka fara magana, sannan da guntun Larabcin da take cusa mini a kicin. Ta bar 'ya'ya uku a ƙasarsu. Tana da hotonsu a ƙarƙashin filo, duk gefensa ya cinye. Shekara shida ana ce mata baɗi za a tafi da ita Hajji, kuma bana Mama ta yi niyya, an ce lallai da ita.

Gidan nan tun daga bakin ƙofa har ƙofar kicin kafet ne. Ni da na saba in kaɗe tabarma da sanda, in kai ta bakin dam in dirje in shanya a kan dutse, sai na tsaya ina tunanin wa zai ciccibi wannan ya kai rafi. Siti ta ja hannuna zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala. Injuna uku ne a ciki, kowane da halinsa.

Na farko dogo ne a tsaye, da mariƙi. A tura gaba a jawo baya, buroshi yana juyawa a ƙasansa, yana zubo ruwan sabulu yana kwashewa. Shi ne na liƙaƙƙen kafet ɗin ɗakuna, inda fili yake da faɗi. Na biyu ƙato ne, ɗan duro a kan tayoyi da doguwar mesa. Cikinsa biyu: ɗaya a zuba ruwa mai tsabta da sabulu, ɗaya kuma nan dauɗa ke taruwa. In ka matsa hannu ya fesa, in ka saki ya tsotse. Saboda rurinsa na sa masa suna Bijimi, har Siti ta kama sunan. Na uku ƙarami ne, sabo, Abu Majid ya zo da shi daga tafiya. Shi ba ya shan sabulu, ba ya tsotsa. Ruwa zalla ake ba shi, ya tafasa a cikinsa, ya riƙa huro tururi, mutum ya bi da tawul yana gogewa. Da na gan shi na ce ashe Turawa ma sun san madambaci. Da shi ake yin labule da kujeru da tayil ɗin banɗaki.

Sannan ta kai ni babban falon baƙi. A tsakiya akwai wata darduma da ba ta yi kama da sauran ba. Ja ce jawur a gefe, da ƙananan furanni, tsakiyarta fara kamar kindirmo. Da hannu aka saƙa ta, da gashin tumaki. Mahaifin Mama ne ya zo da ita daga ƙasarsu ta asali, da ita aka kai Mama ɗakin miji, kuma ita kaɗai ta rage daga gidan ubanta. Kullum da hantsi nake turo ta nan, in sauke ta a kai, ta yi lazimi tana shafa furannin.

Siti ta nuna ƙaramin injin, ta nuna dardumar, ta girgiza kai. Ta nuna mai buroshi, ta girgiza kai. Ta dafa Bijimi.

"Wannan kaɗai. Ruwan sanyi. Sabulu murfi ɗaya, na shuɗiyar kwalba. Kuma ni zan yi, ba ke ba."

Na ce na ji. Cikin raina kuwa na ce, ji mata, sai ka ce ita ta fara wanki a duniya.

Wata guda da zuwana Mama ta kira ɗanta a gabana. Ta riƙe hannuna tana magana, shi yana ta ɗaga murya yana cewa igama, igama. Ta yi masa tsawa ɗaya ya yi shiru. Da muka koma kicin Siti ta rungume ni, ta fassara mini. Mama ta ce ba mai tura kekenta a Arfa sai Hadija, haka take kirana. Zan shiga motar gida cikin mata, in rufe fuska, a shingen hanya ba a buɗe fuskar matan gida. Siti za ta yi girki da wanki, ni keke. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Na tuna Inna, na tuna karsanata mai farin goshi da ta riƙa waiwayena a kara. A lokacin damina ta fara sauka a gida, na san Hamma Buba yana shuka a gonar bayan ruga, sai ƙamshin ƙasar ya riƙa zo mini a hanci a cikin wannan zafin na Jidda.

Saura kwana goma sha biyu a hau Arfa aka yi sunan jaririn Abu Majid. Maza suka ci abinci a babban falo. Wani ya tashi ya yi tuntuɓe da faranti, shinkafa da naman rago da romo suka kife a farin tsakiyar dardumar. Muka kwashe, muka danna da tawul, amma mai ya riga ya shiga. Tabon ya kai faɗin faifai. Mama ta gani da safe, ranar ba ta yarda na sauke ta a kai ba.

Washegari matar gidan ta tafi asibiti da jariri, ta ɗauki Siti. Kafin su fita Siti ta ɗaga mini yatsa.

"Kada ki taɓa. Sai na dawo."

Aka yi azahar, Mama ta kwanta, gida ya yi tsit. Na wuce ta falon sau uku ina kallon tabon. Wallahi ba mugunta ba ce. So nake tsohuwar nan ta farka ta ga dardumar ubanta fes, ta san ba a banza ta zaɓe ni ba. Akwai kuma girman kai, ba zan ɓoye ba. Na jawo Bijimi, na zuba ruwan sanyi da murfin sabulu ɗaya yadda na ga ana yi. Na fesa, na tsotse. Na sake. Tabon yana nan yana kallona.

Na ce, kai, mai da ruwan sanyi? A ina aka taɓa yi? Mu a ruga ƙwaryar da man shanu ya kama, da tsumman da ya sha maiƙo, ruwan zafi da kanwa ko toka ake ba su, su fita tas. Na kwance bakin zanena, na fasa kanwar Hajiya Yalwa, na jiƙa rabi a kofi, na tace da gefen ɗankwalina. Na zubar da ruwan sanyin, na tafasa wani a buta, na cika tankin, na juye ruwan kanwar a ciki.

Fesawa biyu man ya narke. Ina gani yana bin mesa yana tafiya. Har rawa na taka, ni kaɗai a falon mutane. Na ce bari in bi gefe-gefe don kada ya bar zobe, na kai bakin mesar kan furannin da suka kewaye farin.

Da farko na ɗauka idona ne. Jan ya fara tsattsafowa daga furannin yana shiga farin, a hankali, kamar jini a ruwan wanke nama. Na fesa don in kore shi, ya ƙara yaɗuwa. Na leƙa tankin dauɗa, ruwan ciki ja. Na ce innalillahi, na kashe injin, na kunna, na sake kashewa. Mesar ta suɓuce mini.

A haka Siti ta same ni. Ta ajiye jakar jariri, ta dafa tankin ta ji zafi, ta shinshina ruwan.

"Me kika sa? Hadija, me kika sa?"

Na nuna mata sauran dunƙulen. Ba ta san ko mene ne ba. Ta ɗora hannu biyu a ka. Jan kuwa bai tsaya ba, yana ta ci. Nan ne kicin ɗin Inna ya faɗo mini. In yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefa mata ta kashe tsamin. To in kanwa ce ta yi yawa fa? Ai tsami za a ba ta. Na ruga kicin na ɗauko kwalbar ruwan kal mai tsamin nan da suke zubawa a ganye. Siti ta gane nan take. Ta zubar da tankin, ta ɗauraye, muka cika da ruwan sanyi muka tuttula kal ɗin. Tana fesawa tana tsotsewa, ni ina bi da fararen tawul ina dannawa da gwiwa. Kunnena yana kan ƙofar Mama da kan matakala. Muka cika tankin nan muka zubar ya fi sau goma.

Jan ya tsaya. Da yawa ma ya fita. Amma gefe guda na farin ya koma ruwan hoda, tsawon kamu biyu, kuma furanni uku sun koɗe. Ko makaho ya shafa zai ji gashin wurin ya yi tauri.

Bayan la'asar Abu Majid ya dawo. Ihunsa har titi. Bai ko kalle ni ba, don ya san injin na Siti ne. Ya tsaya a kanta yana nuna dardumar yana nuna fuskarta. Na buɗe baki, Siti ta taka mini ƙafa da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai ta ce ita ce, ta yi kuskuren ruwa. Ya ce ranar Asabar zai mayar da ita ofishin da ya kawo ta, a sa ta a jirgi. Babu Hajji, babu komai. Aka turo Mama. Ta sa aka sauke ta, ta shafa wurin da tafin hannu, hawaye suna zuba ba sauti. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

A kicin na kama Siti na ce ta haukace ne? Ta ce, da Larabcinta da nawa da hannu:

"Ni ina da takarda. Ni jirgi, gida, 'ya'yana. Ke babu takarda. Ke askar. Ki yi shiru."

"Hajjinki fa? Shekara shida!"

Ta ɗaga kafaɗa, ta juya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Na yi shiru. Wannan ma sai na faɗa, tunda gaskiya na zauna bayarwa. Kwana uku na yi shiru. Na ce wa kaina ai ita ta zaɓa, ai za ta ga 'ya'yanta, ai ni shanun Inna na sayar. Na ce saura kwana kaɗan, in na tsaya a Arfa sai in roƙa mata har da kuka. In na ji takun Abu Majid sai in ji fitsari. Matar gidan ta auna ni da ido ta ba ni baƙar abaya da mayafin fuska na tafiya, na karɓa na ce na gode. Siti tana tsaye a wurin tana ninke kayan jariri, har ta gyara mini wuyan abayar.

Ranar Juma'a ina matsa wa Mama ƙafa ta ce, "Hadija, a Arfa ki roƙa wa uwarki." Na ce to. Sai na tuna malaminmu na Tiga, wanda ke yi wa mata karatu ranar kasuwa. Ya sha gaya mana cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma hakkin mutum sai mai shi. Na yi ta hasko kaina a filin, hannu a sama, ga keken Mama a gabana, ga wurin da Siti ya kamata ta tsaya ba kowa. Me zan ce? In ce ya Allah ga ni, na zo a kan bayan wata?

Asabar da safe jakar Siti tana bakin ƙofa, ɗaure da igiya. Direban gidan, Usman, Basudane, ya tayar da mota. Abu Majid yana shan shayi a tsaye. Ƙafafuna suka kai ni gabansa ban shirya ba. Na kwance bakin zanena na ajiye dunƙulen a kan tebur.

"Ni ce. Ba Siti ba. Ni. Wannan na sa."

Ya kalli tsumman, ya kalli jan dutsen da ke ciki, ya ja da baya. Fuskarsa ta canza. Ya ce wata kalma da ko a Hausa haka take: sihiri. Baƙar mace, ƙulli a tsumma, a ɗakin da uwarsa ke lazimi. Hajiya Yalwa ta taɓa gaya mana abin da ake yi wa wanda aka kama da wannan zargin a ƙasar, kuma ba jirgi ba ne. Na fizgi dunƙulen na lasa a gabansa, na gutsura na tauna, ina cewa abinci, miya, ciki, ina nuna tukunya da hannu. Bai saurare ni ba, ya nufi wayar tarho.

Usman ne ya shigo ɗaukar jaka. Ya karɓi kanwar ya juya ta, ya ɗanɗana, sai ya yi 'yar dariya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai a kowane kicin na ƙasarmu akwai ta. Uwata a miyar kuɓewa take sawa. Mata suna wanke maiƙo da ita. Jahilci ne, ba sihiri ba."

Ban taɓa jin daɗin a ce mini jahila ba sai ranar. Abu Majid ya ajiye kan wayar. Ya daɗe yana huci. Sannan ya ce Siti ta mayar da jakarta ɗaki. Ni kuma ba zai ƙara kwana da marar takarda a gidansa ba, dama uwarsa ce ta tilasta masa. Ya dubi Mama. Duk muka dube ta. Ni na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa, na taɓa ganin ta yi. Na durƙusa a gaban keken na ce, "Mama." Ta kalli dardumar, ta kalle ni, ta juyar da fuska bango. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Aka ba ni minti kaɗan in haɗa kaya. Na ninke abayar na ajiye a kan gado. Siti ta shigo ta rufe ƙofa. Ta yi mini faɗa da yarensu, tana kuka tana dukan ƙirjina da ɗan hannunta. Can ta ɗauko farin hijabinta na salla, wanda ta ɗinka tun shekarar farko don Arfa, ta juya bakinsa ta ciki, ta cire murfin biro da haƙori.

"Sunanki. Duka. Da na babanki."

"Hadiza Umaru."

Ta rubuta. Ta ɗago. "Mamanki?"

Ban taɓa gaya mata labarin Inna da baki ba, sai dai ko ta ji Mama ta ambata. Na ce, "Aminatu." Ta rubuta a ƙasan nawa, ta hura tawadar ta bushe.

Usman ne ya kai ni wurin askarawa, Abu Majid yana gaba. Da za a shiga da ni Usman ya miƙo mini ledar burodi da dabino ta taga, bai kalle ni ba don kada mai gida ya yi magana.

Gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu babban zaure ne, mata ta ko'ina, 'yan Chadi, 'yan Habasha, namu na Kano da Katsina. A nan ranar Arfa ta same ni. Wata mai gadi tana da ƙaramar rediyo, ta ƙara murya don mu ji talbiyya. Tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakanina da filin. Wasu suka yi ta kururuwa. Ni na ɗauki azumi, na fuskanci gabas, na tsaya a kan ƙafafuna tun azahar har rana ta faɗi, don na ji an ce haka ake yi a can. Wata 'yar Doguwa da muka saba ta ce in zauna kada in faɗi. Na ce ta ƙyale ni.

Sai da alhazai suka fara komawa aka sa mu a jirgi. Muka sauka Kano kusan tare da su, su da akwatuna da jarkokin zamzam, ni da leda ɗaya. A tasha yaran mota suna ta "Hajiya, kawo kaya," ba kayan da zan kawo. Na sauka a Kwanar Ɗangora, na samu a-kori-kura mai zuwa Tiga. Dawa ta kai gwiwa, ko'ina kore, dam ya cika. Tun daga nesa yaran ruga suka hango ni suka sheƙa suna ihu Hajiya ta dawo. Mata suka fito da guɗa.

Hamma Buba yana zaune a gindin ɗorawa yana gyaran igiya. Ya miƙe, ya dubi ledar, ya dubi bakina ya ga babu haƙorin Makka.

"Dije, an yi?"

Da na ce an yi, ba wanda zai taɓa sani. Na ce, "Ba a yi ba, Hamma." Guɗar ta tsaya. Na jira ya ambaci shanun Inna. Bai ambata ba, ranar ko bayanta. Ya ce wa matarsa ta dama mini fura.

Ban sake samun halin komawa ba, kuma yanzu gwiwoyi sun tafi. Ban sake jin labarin Siti ba, ban san ko tana raye ba. Har yau in wani ya ce mini Hajiya a kasuwar Tiga sai na tsaya na gyara masa, yara suna dariya suna cewa tsohuwar nan da rigima take. Jikata ta taɓa tambayata, to Inna Dije, duk wahalar nan a banza ke nan? Na ce mata ni dai ban hau Arfa ba. Amma sunana ya hau, da na uwata a ƙasansa, a bakin hijabin wata mata 'yar Indunisiya. Sannan na ce ta miƙo mini kanwa, miyar ta fara tsami.